Ciro akor na buluz da kunne: nazarin aikin wani saurayi a Damagaram

Wanda wannan nazari ya shafa ɗan ƙanwata ne, saurayi mai koyon ɗinki a wani shago kusa da Kasuwar Dole, wanda ya fara taɓa jita a fadarsu ta Zango. Kafin wannan lamari hannunsa ya riga ya faɗa da salon ƴan Agadas, wanda shi ne makarantar farko ta samari da yawa a Nijar: akor miner ɗaya ko biyu (akor shi ne sautuka da yawa da ake kaɗawa tare, miner kuma irin mai amon jimami ne, kishiyar majer), yatsu suna gudu a ƙananan tsirkiyoyi, tafi yana riƙe da lokaci. Sunayen sauti da do, re, mi ya san su, kamar kowa a nan. Ni kuma na daɗe ina kaɗa jitar bas a ƙungiyar biki kafin in ajiye, shi ya sa matsalar ta iso ƙofata.

Waƙar ta zo masa ne a katin memori na wani abokinsa, cikin tarin waƙoƙin da ake turawa daga salula zuwa salula. Sunan fayil ɗin lamba ce kawai. Mutum ɗaya ne da jitarsa ta katako, yana waƙa da Ingilishi, ga ƙarar tsohon faifai tana bin sa a baya, duka-duka minti uku ba ta cika ba. Tunda babu suna, babu takardar akor da zai sauke daga intanet. Abin da ya rage masa kunnensa ne.

Abin da ya gwada kafin ya zo

Ya fara da tsarin buluz, wato tsohon salon waƙar baƙaƙen Amurka, wanda ake koya wa kowa. Awo goma sha biyu ne, kowane awo bugu huɗu, akor uku kacal: na gida, na huɗu da na biyar. Gida shi ne sautin da waƙa take komawa ta huta a kansa, daga shi ake ƙirga na huɗu da na biyar. Idan gida Mi ne, to Mi7, La7 da Si7 ke nan. Awo huɗu a gida, biyu a na huɗu, biyu a gida, ɗaya a na biyar, ɗaya a na huɗu, biyun ƙarshe a gida, sai a juyo a sake. Tsarin nan gaskiya ne, waƙoƙi marasa adadi a kansa suke zaune. Ya haddace shi a Mi da La, da yake su darussan YouTube suka fi nunawa. Ya ɗora a kan waƙar, ya ƙi zama. Ya riƙa matsawa gaɓa-gaɓa, wato daga wannan ƙarfe na wuyan jita zuwa na gaba, har ya kai Sol, ya ji ya yi kusa amma akwai tsami. Ya ƙara gaɓa ɗaya zuwa Sol diyez, nan ma kusa, nan ma tsami. Sai ya koma ga wata manhajar salula mai sauraron waƙa ta rubuta akor, ita kuma ta riƙa tsalle tsakanin Sol, Sol diyez da Sol miner cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Da ya kawo jitar, zarginsa a kanta yake. Ya ce, "Kawu, ku duba mini wuyanta, ina jin hunturun nan ne ya lanƙwasa ta." Wuyan kam ya ɗan tasa, tsirkiyoyin sun yi nisa da katako, kuma sun yi tsatsa. Amma ba nan ciwon yake ba. Matsalolin sun hau kan juna ne, ta sama ta rufe ta ƙasa, kuma babu wadda za ta warware sai an ɗage wadda ke kanta.

Ta farko ba ta ɗauki lokaci ba. Da lasifikar salula yake saurare. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa sau 82 ne a daƙiƙa, lasifikar salula kuwa ƙanƙanuwa ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri haka. Rabin aikin mutumin, wato duk abin da babban yatsansa yake yi, bai taɓa isowa kunnen yaron ba. Muka jona salular da babbar lasifika, sai ga wata waƙa daban ta fito daga cikin wadda ya sani.

Neman gida

Na sa ya jingine jitar. Wannan ne abin da ya fi yi masa wuya, don mai koyo hannunsa ya fi kunnensa gaggawa: da ya ji sauti sai ya kai yatsa yana lalube, ƙarar lalubensa kuma ta goge abin da ya ji. Na ce ya saurari inda mawaƙin yake sauke muryarsa a ƙarshen kowane baiti, ya kama wannan sautin da hanci, baki a rufe, ya riƙe shi, sannan a tsayar da waƙar ya neme shi a tsirkiya ɗaya tak. Ya nema a ta shida. Gaɓa ta uku ta yi ƙasa, ta huɗu ta yi sama. Sautin yana tsakani, inda jita ba ta da wuri. Manhajar saita tsirkiya ta tabbatar: allurarta ta tsaya a tsakiyar Sol da Sol diyez.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tsofaffin faifai, kuma dalilansa sanannu ne. Ma'aunin da salularsa take bi, wanda ya ce La tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, a wani taro a Landan aka amince da shi a 1939. Makaɗin ƙauye a kudancin Amurka, shi kaɗai da jitarsa, ba shi da na'urar saitawa. Yana ɗaure tsirkiya ne daidai inda muryarsa take jin daɗi. Ga kuma batun gudun faifan. Faifan wancan zamani ana cewa yana juyawa sau 78 a minti, amma injin da ya yanka shi da wanda ya karanta shi ba lallai su yi gudu ɗaya ba. Duk wanda ya yi zamanin kaset a garin nan ya san yadda muryar mawaƙi take yin kauri idan batir ya fara mutuwa. Gaɓa ɗaya a jita daidai take da bambancin gudu na kusan kashi 6 cikin 100. Faifan 78 da ya juya sau 80 ya riga ya ɗaga sautin kusan rabin gaɓa.

Magani biyu ne: a ɗaga jita ta sami waƙar, ko a sauke waƙar ta sami jita. Shi ya so na farko don ya fi sauri. Na hana shi. Tsirkiya mai tsatsa ba ta son a ƙara mata ɗauri, kuma idan ta tsinke a nan, sau da yawa sai an yi saƙo Kano ko Yamai kafin a sami mai kyau. Wani abokinsa ɗalibin Jami'ar André Salifou yana da kwamfuta mai ɗauke da Audacity, manhaja ce ta kyauta. Suka rage gudun waƙar da kusan kashi 3 cikin 100, ta sauko ta zauna daram a Sol. Na fi son a rage gudu gaba ɗaya a kan a taɓa sautin kaɗai, don muryar ta fi fita da tsabta.

Sautin da babu shi a jitarsa

Yanzu gida ya samu, amma Sol7 ɗin da ya iya, wanda ake kamawa a gaɓoɓin farko, bai yi kama da na mutumin ba. Sautukan ɗaya ne, amon ba ɗaya ba. Na mutumin a buɗe yake, yana daɗewa yana kuka, yayin da yatsunsa suke can wani wuri suna wani aiki. Ina cikin tunanin yadda zan nuna masa wannan sai shi da kansa ya tsayar da waƙar wajen ƙarshen baiti ya ce, "Kawu, wannan sautin babu shi a jitata. Ya fi Mi ta ƙasa kauri."

A wurina nan ne aikin ya juya, kuma na ji daɗin cewa kunnensa ne ya kama, ba nawa ba. Jita a ɗaurin da aka saba, daga mai kauri zuwa siririya, Mi, La, Re, Sol, Si, Mi ce. Babu abin da ke ƙasa da Mi. Idan ka ji sauti a ƙasa da ita, to an sassauta tsirkiya. Da hanci ya sake kamawa: Re ce, gaɓa biyu ƙasa da Mi.

Re ta ƙasa kaɗai ba ta isa hujja ba, don akwai masu sassauta ta shida kawai su bar sauran, akwai kuma masu ɗaure jitar gaba ɗaya a Re. Abin da ya raba gardama wani wuri ne da mutumin yake zamewa a kan tsirkiyoyi da wuyan kwalba a yatsa har gaɓa ta goma sha biyu ya kaɗa tsirkiyoyi uku na ƙarshe tare. Kwalba miƙaƙƙiya ce, ba ta lanƙwasa, don haka duk abin da ta fitar a layi ɗaya shi ne ɗaurin tsirkiyoyin. Abin da ya fito Sol, Si, Re ne, da Re a sama. A ɗaurin da aka saba da Mi za a ji a sama, kuma akor ɗin zai zama miner. Ga kuma Sol mai kauri da take ta kuka ba tare da an danne ta ba, wadda ta nuna ta biyar ma an sauke ta. Ɗaurin ke nan: Re, Sol, Re, Sol, Si, Re. Tsirkiya uku ake sassautawa, ta shida da ta biyar da ta ɗaya, kowace gaɓa biyu. Na tsakiya ukun ba a taɓa su.

Wannan ɗauri tsohon ɗaurin makaɗan Delta ne a jihar Misisipi. Charley Patton da Son House sun yi aiki da shi, haka Robert Johnson a wasu daga cikin waƙoƙi 29 da ya ɗauka a San Antoniyo a 1936 da Dalas a 1937, haka Muddy Waters lokacin da Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya ɗauke shi a gonar Stovall a 1941. Wanda zai ciro waƙar mutum ɗaya da jita daga wancan zamani ya kamata ya sa wannan a ransa tun kafin ya fara.

Da ya sassauta ukun ya shafa tsirkiyoyin hannun hagu a sake, akor ɗin da ya yi makonni yana nema ya fito shi kaɗai. Maimakon wuyan kwalba, wani mai walda ya yanko masa guntun bututun ƙarfe daidai ƙaramin yatsa, ya goge bakin. Ƙa'idarsa biyu ce: a tsayar da shi a kan ƙarfen gaɓar kansa, ba a tsakanin ƙarfe biyu ba kamar yadda ake sa yatsa, kuma kada a danne har tsirkiya ta taɓa katako. Nisan da hunturu ya sa tsakanin tsirkiyoyinsa da wuyan jitar, wanda yake wahalar da yatsu, a nan taimako ya zama.

Akor ɗin da ya ɓuya

Ƙa'idar masu bas ita ce ka bi sautin ƙasa, shi zai gaya maka inda akor ya koma. A wannan waƙa ta yi aiki a wuri biyu cikin uku. Na biyar bai ba da wuya ba: babban yatsa yana faɗawa kan Re ta ƙasa, sama kuma La a gaɓa ta biyu ta tsirkiya ta uku da Do a gaɓa ta ɗaya ta tsirkiya ta biyu. Takarda ta ce Re7 sauti huɗu ne, Re, Fa diyez, La, Do. Mutumin uku yake kaɗawa, ya bar Fa diyez. Yaron ya so ya ƙara ta don akor ya cika, na ce ya gwada ya ji. Da ya ƙara sai wurin ya yi zaƙin da babu shi a faifan, shi da kansa ya cire.

Na huɗu ne ya ci mana lokaci. Bas ɗin bai motsa daga Sol ba, har yaron ya yanke cewa babu na huɗu a waƙar sam. Amma akwai wurin da iskar waƙar take canzawa, kowa yana ji ko da bai iya faɗin me ya canza ba. Abin da ya nuna mana wurin shi ne tsarin baitin. A buluz mawaƙi yakan faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo layi na uku ya amsa. Maimaicin ne yake hawa kan na huɗu, amsar kuma kan na biyar. Ba sai ka ji Ingilishi ba kafin ka gane an maimaita magana. Muka ware wannan guntun a manhajar VLC, wadda take iya maimaita tsakanin wuri biyu ta kuma rage gudu ba tare da sauti ya sauka ba. Na ce ya manta da sama da ƙasa, ya saurari tsakiya kawai. A hankali ya ji: Si ta hau Do, Re ta hau Mi, Sol tana nan inda take. Yatsa biyu ke nan, gaɓa ta ɗaya a tsirkiya ta biyu da gaɓa ta biyu a ta huɗu. Kamun Do ne da ya sani tun ranar da ya fara jita, an cire yatsa ɗaya. A wasu baitoci mutumin yana ƙara Si bemol, wato gaɓa ɗaya ƙasa da Si, a gaɓa ta uku ta tsirkiya ta uku, ya zama Do7.

Batun majer ko miner, wanda ya rikita manhajar, shi ne wurin da yaron ya fi kowa sauƙi. Jitar tana da Si a buɗe, wato majer. Muryar kuma tana kama Si bemol ta tura ta sama, wani lokaci ta kai Si, wani lokaci ta tsaya a hanya. Duka biyun suna tafiya tare, kuma gogayyar da ke tsakaninsu ita ce ɗanɗanon abin. Manhaja an gina ta ne ta zaɓi ɗaya. Shi kuwa sautuka biyar ɗin da muryar take yawo a kansu, Sol, Si bemol, Do, Re, Fa, su ne waɗanda yatsunsa suke bi kullum a salon Agadas. Karin waƙar ya ɗauke shi a zama ɗaya.

A nan ina da magana da masu cewa buluz ai namu ne, daga nan aka kai shi, don haka babu abin koyo. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya saurari Ali Farka Touré na Niyafunke, ko gurumin marigayi Malam Mamman Barka ɗan Tasker, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya, sannan ya saurari John Lee Hooker yana zaune kan akor ɗaya har waƙa ta ƙare, zai ji dangantaka. Amma tafiyar nan daga gida zuwa na huɗu zuwa na biyar a Amurka ta ginu, a hannun jikokin bayi, kuma kunnenmu bai tashi da ita ba. Lamarin yaron nan ya nuna haka ƙarara: karin ya zo masa a sauƙaƙe, canjin akor kuwa sai da aka yi masa aiki. Gaya wa mai koyo cewa ya gaji abin gaba ɗaya cutar da shi ne, don zai tsaya daidai inda ya kamata ya ƙara saurare.

Ƙirga

Akor uku sun samu, amma idan ya bi faifan sai ya riga mutumin canzawa. Ya ƙirga da ƙafa: baitin farko awo goma sha uku, na biyu sha biyu da rabi, na uku ya fi su duka. Ya ɗauka ƙirgarsa ce ba daidai ba. Daidai take.

Wanda ya warware masa wannan ba ni ba ne. Akwai wani dattijo mai gurumi a Birni da yake kawo ɗinki shagonsu, yaron ya kunna masa waƙar. Dattijon ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ɗana, ai wannan ba ƙirga yake ba. Yana gama maganarsa, ya bar tsirkiya ta amsa masa, in ta gama amsawa sannan ya tafi." Haka abin yake. Makaɗin da yake shi kaɗai babu wanda yake jiransa, yana iya ƙara bugu biyu don ya ja numfashi ko don amsar kwalbar ta yi masa daɗi. Awo goma sha biyu cif dole ne ga ƙungiya, inda mai ganga da mai bas da mai piyano za su canza tare, kamar yadda abin ya zama a Shikago bayan su Muddy Waters sun koma can a shekarun 1940. Takardar da yaron ya haddace ta ƙungiya ce, faifan kuma na mutum ɗaya.

Saboda haka ya bar zana akwatuna goma sha biyu. A littafin da yake rubuta awon kwastomomi ya rubuta kalmomin waƙar yadda kunnensa ya ji su, da haruffan Hausa, ya sa alama a kan gaɓar kalmar da akor yake canzawa. Abu ɗaya ne bai canza ba a kowane baiti, wato juyin ƙarshe: ƙaramin yatsa yana riƙe Sol a gaɓa ta biyar ta tsirkiya ta ɗaya, tsirkiya ta huɗu kuma tana sauka gaɓa ta uku, ta biyu, ta ɗaya, sannan a buɗe, wato Fa, Mi, Mi bemol, Re. Da ya ji wannan saukar ya san sabon baiti ya zo.

Inda aikin ya tsaya

Hannun hagu ya gama. Yana bin faifan daga farko har ƙarshe ba tare da ya ɓace ba. Hannun dama ne da saura. Babban yatsan mutumin yana duka kamar luguden mata a turmi ɗaya, ba ya fashi, komai sauran yatsu suke yi a sama, kuma gefen tafinsa yana kwance kan tsirkiyoyi masu kauri don sautin ya fito a daƙile. Kowane bugu ya kasu uku ne, ana kaɗa na farko da na uku a bar na tsakiya. Na yaron yana tsayawa duk lokacin da kwalba ta motsa. Wannan kunne ya riga ya ji shi, saura jiki ya saba, kuma na sa shi ya riƙa kaɗa bas ɗin kaɗai yana hira da mutane har yatsan ya daina neman izininsa.

Akwai wuri ɗaya a baiti na uku da muka saɓa. Shi yana jin mutumin ya kai kwalba gaɓa ta biyar ya kama Do cikakke, ni ina jin yatsa biyun nan ne dai aka daka da ƙarfi. Na bar shi a kan nasa, don yana iya kawo hujja daga abin da ya ji, kuma hujjar tana da ƙarfi.

Sauya ɗauri kullum, Sol a gida da ɗaurin da aka saba a fada, ya tsinka masa tsirkiya ta ɗaya. Yanzu yana tara kuɗin jita ta biyu ta hannu don kowace ta zauna a ɗaurinta. Kafin nan ya ɗauko wata waƙar daga katin, wannan karon ta ƙungiya ce da ganga da piyano. Gida da ɗauri shi kaɗai ya gano su, La ce a ɗaurin da aka saba, awo goma sha biyu cif. Abin da ya kawo mini tambaya a kansa shi ne awo na biyu, inda suke leƙa na huɗu na awo ɗaya su dawo gida tun layin farko bai ƙare ba.